Zan bar digiri in tafi Jamus koyon kiɗan kilasikal, Baba ya ce bai haifi maroƙi ba

Salam Kawu, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 23, ina aji huɗu a jami'a ina karanta injiniyan gine-gine, saura min shekara ɗaya da furojet. Tun ina sakandare nake zama situdiyon wani abokin yayana a Kaduna har na iya fiyano, daga baya a YouTube na faɗa son kiɗan kilasikal irin na okestira, wato babbar tawagar makaɗa da masu busa, na koyi karanta nota, wato rubutun kiɗa a takarda, ni kaɗai, bara na tara kuɗi na sayi bayolin na hannu. Yanzu wallahi ko a lakca abin da ke kaina kenan. Wani ejan ya ce in kawo miliyan uku zai samo min makarantar kiɗa a Jamus har da biza, inaso in ajiye karatun in tafi in zama ɗan okestira kuma in riƙa rubuta kiɗana. Na faɗa wa Baba ya ce bai haifi maroƙi ba, tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya zan yi?

Wa alaikassalam ɗana. Bari in fara da miliyan ukun nan kafin komai saboda ita ce ta fi tayar min da hankali, kar ka ba shi ko sisi. Makarantun kiɗa na gwamnati a Jamus ba a shigarsu ta hannun ejan, kai ne zaka cike fom a shafinsu, su kira ka jarabawar shiga, ka tsaya gaban farfesoshi ka kaɗa abinka su saurara, in rubutun kiɗa kake nema ka tura musu abin da ka rubuta su zauna su duba, su gwada kunnenka, su gwada iliminka na nota. Babu wanda zai yi maka wannan daga wani ofis a Kaduna ko Abuja. Galibinsu ma ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan abin da ake biya duk zango, illa wasu kamar na jihar Baden-Württemberg da take cajin baƙi irinmu Yuro 1,500 a zango tun 2017. Inda wahalar take shi ne ofishin jakadanci sai ka nuna kana da kuɗin ciyar da kanka, sama da Yuro 11,000 na shekara guda a wani asusu da suke kullewa suna tsinkar maka wata-wata, ka buga wannan a naira ka gani ko miliyan uku ta isa ko kusa. Ga Jamusanci da za a nema. To mutumin nan me zai sayar maka? Ko dai kwas ɗin koyon yare ne zai liƙa maka da sunan makarantar kiɗa, ko kuma wayarsa ta daina shiga bayan sati biyu.

Sai maganar da nasan ba zata maka daɗi ba amma gara ka ji ta daga bakina. Ka haɗa buri biyu a jimla ɗaya, zama ɗan okestira da rubuta kiɗa, kuma hanyarsu ba ɗaya bace ko kaɗan. Na farkon, da bayolin ɗin da ka saya bara kana shekara 22, ƙofar ta kusa rufewa gaskiya. Ba raina ka nake ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannun hagu da kafaɗa da kunnen mai bayolin tun yana yaro ake gina su. Dubi yaron nan Sheku Kanneh-Mason na Ingila wanda mahaifiyarsa 'yar asalin Saliyo ce, yana shekara 6 ya fara kaɗa celo, wato babbar yayar bayolin da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi, ya ci gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016 yana 17, a 2018 ya yi kiɗa a bikin Yarima Harry duniya na kallo. Ka ga kenan shekara goma sha ɗaya yana fama kullum da malami a kansa kafin a san sunansa, kuma irinsu ne zaka tarar a layi ranar odishin. Kujerar okestira kuma in mutum ya samu ba ya tashi sai ritaya, shi ya sa Jamus duk da tana da okestirori na ƙwararru sama da 120 guraben ba sa buɗewa da yawa, in kujera ɗaya ta buɗe a babbar okestira sai ka ga sama da mutum ɗari daga Koriya da Japan da Rasha da ko'ina sun nema, zagayen farko sau da yawa bayan labule ake kaɗawa alƙalai ba sa ma ganin fuskarka, 'yan mintuna kaɗan a ce an gode na gaba ya shigo, wanda ya ci kuma sai ya yi zaman gwaji na wajen shekara kafin sauran 'yan okestirar su yi ƙuri'a ko ya zauna ko ya tafi. Ka ci gaba da koyon bayolin ɗinka, zai maka amfani sosai don mai rubuta kiɗa da ya san yadda tsirkiya ke amsa hannu ya fi wanda bai sani ba, amma kar ka ɗora tuwonka a kansa.

Rubuta kiɗa kuwa, wannan ƙofar a buɗe take, ba ruwanta da shekarun da ka fara. Sai dai ita ma akwai abin da ba a nuna maka a YouTube. Kai kana ganin ɗaki cike da fitilu ana tafi mutum ya fito ya rusuna, baka ganin abin da ya ci da safe. Philip Glass na Amurka, wanda yau in ana lissafa manyan masu rubuta kiɗan zamanin nan dole a sa shi a sahun gaba, ya yi makarantar kiɗa ta Juilliard a New York ya je Paris ya yi karatu wajen shahararriyar malamar kiɗa Nadia Boulanger, amma tasi yake ja yana kuma aikin famfo yana gyara wa mutane bututun ruwa. A 1976 an nuna babban aikinsa Einstein on the Beach a gidan Metropolitan Opera, ɗaki ya cika maƙil dare biyu, aka tashi da bashi a kansu, mutumin nan ya koma kan sitiyarin tasinsa, sai da ya kai shekara 41 sannan kiɗa ya fara ciyar da shi. A Amurka fa kenan, ba a ƙasar da ake ɗauke wuta ana tsakiyar rikodin ba. Kafin shi an yi Charles Ives, inshora ya sayar shekara da shekaru yana rubuta kiɗa da daddare da ranakun hutu, sai a 1947 aka ba shi babbar kyautar Amurka ta Pulitzer bayan ya daɗe da daina rubutun ma.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye bane. Mawaƙin Kannywood in ya shiga situdiyo da safe kafin la'asar waƙa ta fito, mutum ɗaya da fiyano ɗaya da kwamfuta sun gama komai. Kai kuwa abin da ka rubuta takarda ce kawai, shiru take har sai an samu mutane sun kaɗa ta, in na okestira ne mutum sittin zuwa tamanin kenan kowa da albashinsa, ga ɗaki ga awannin gwaji ga mai sanda da zai ja su. Shi ya sa kuɗin mai rubuta kiɗa yawanci ta hanyar oda yake zuwa, wata okestira ko wani biki ko wata gidauniya ta ce rubuta mana na minti goma ga kuɗinka, ka yi wata shida ko shekara kana fama, a kaɗa sau ɗaya ko biyu, shikenan a ajiye a koma kan Beethoven da Mozart, manyan masu rubuta kiɗan Turai da suka daɗe da mutuwa, waɗanda su ne ke cika ɗaki kuma ba sa neman a biya su. Su kansu masu sana'ar kukan da suke yi kenan, samun a kaɗa maka karo na farko da sauƙi a kan samun karo na biyu. Kuɗin Spotify kuwa kar ma ka sa shi a lissafi. Abin da ke riƙe yawancinsu koyarwa ce a jami'a ko makaranta ko gida-gida, sai kiɗan fim da talla da wasannin kwamfuta, sai coci, sai shirya wa wasu mawaƙa kiɗa.

Kuma ba sai mun je nesa ba, namu na gida ma haka suka yi. Fela Sowande, ba Fela Kuti ba, wannan an haife shi a 1905 ya rasu a 1987, shi ake wa kallon uban wannan fanni a Najeriya, ya rubuta African Suite a 1944, amma a Landan kiɗan jaz yake yi da kaɗa ogan a coci da BBC, ya dawo gida a 1953 ya riƙe sashen kiɗa na gidan rediyon ƙasa, ya ƙare yana koyarwa a jami'o'in Amurka. Ayo Bankole a Jos aka haife shi a 1935, nan kusa da kai, ya yi makarantar kiɗa ta Guildhall a Landan ya yi Jami'ar Cambridge, da ya dawo rediyo ya kama sannan Jami'ar Legas, Allah bai ba shi tsawon rai ba ya rasu a 1976. Akin Euba da ya rasu a 2020 shi ma rediyo, sai jami'a bayan jami'a har ta Pittsburgh a Amurka. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya, kowannensu akwai albashin da ke shigowa ƙarshen wata daga wani waje, kiɗan yana zaune a inuwar wannan albashin. To kai naka albashin yana cikin digirin da kake son yarwa saura shekara ɗaya, haba ɗana, wannan ai sakin reshe ne kama ganye.

Ni da na ga ka ce injiniyan gine-gine ma sai da na yi murmushi, don akwai wani Bagirke Iannis Xenakis, abin da ya karanta kenan a Atina, ya gudu Faransa a 1947 ya yi shekara goma sha biyu yana lissafin siminti da ƙarfe a ofishin mai zanen gine-gine Le Corbusier yana rubuta kiɗa a gefe. Malaman kiɗa na Paris wasu sun ƙi shi saboda bai da tushe irin nasu, sai wani babban malamin kiɗa Olivier Messiaen ya ba shi shawarar kar ya koma ya fara daga ABCD kamar yara, ya ɗauki lissafinsa da ilimin gininsa ya zuba su cikin kiɗan, haka ko ya yi, a 1955 aka kaɗa aikinsa Metastaseis a bikin Donaueschingen na Jamus ya girgiza mutane, layukan bayolin ɗin ciki a takardar giraf ya fara zana su kamar mai zana rufin gini. Ban ce zaka ji daɗin sauraronsa ba fa, ni kaina ranar da na fara ji na ɗauka jirgi ne zai tashi, amma ka nema ka ji don ka san lakcar da kake gudu ba maƙiyiyar kiɗanka bace.

Yanzu ga abin da na fi so ka tsaya ka yi tunani a kai. In ka je Jamus da kwaikwayon Chopin, gwanin rubuta kiɗan fiyano na Turai, a hannunka, akwai yara dubu a can da suka fi ka iya kwaikwayonsa, a cikinsa aka haife su. Me kake da shi wanda babu a hannunsu? Kunnenka. Kai ka tashi kana jin kalangu yana magana, mai shi ya matse tsirkiyoyin a hammata sauti ya hau ya sassauta ya sauka har ka gane sunan wa yake kira, saboda Hausa yare ne mai hawa da sauka, da sauti ake bambanta kalma da kalma. Ka san kakaki da algaita ranar hawan sallah, ka san goge da kukuma da garaya da gurmi, ka san abin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal. Steve Reich, Bayahuden New York, a 1970 ya kwashi jiki ya je Ghana koyon kiɗan gangunan Ewe, sati biyar kacal ya yi zazzaɓin cizon sauro ya koro shi gida, ya dawo ya rubuta Drumming wanda har yau ake kaɗawa a manyan ɗakunan duniya. Sati biyar fa, kai kuma shekara 23 kana cikin abin tsundum. A 1992 wasu makaɗa huɗu na Amurka masu kaɗa bayolin da danginsa, Kronos Quartet, sun fitar da faifai guda na masu rubuta kiɗa daga Afirka zalla, akwai Hamza El Din ɗan Nuba, akwai Justinian Tamusuza na Uganda, akwai Foday Musa Suso na Gambiya, kuma ya karɓu sosai. Shi Euba da na ambata digirinsa na uku a kan gangar dundun ta Yarabawa ya yi, 'yar'uwar kalangu, kuma ya daɗe yana koyar da yadda za a sa fiyano ya yi magana kamar ganga. Yarabawa da Ibo da mutanen Ghana sun yi nisa a wannan hanya, ɓangarenmu ne fili yake fetal ba masu noma da yawa. Kuma aiki ne na gaske ba ado ba, don sautin goge ba ya zama daidai cikin sautuka goma sha biyun da maɓallan fiyano ke maimaitawa, yana faɗawa tsakaninsu yana zamewa, fiyano ba zai iya binsa ba amma bayolin zai iya tunda wuyansa ba shi da shinge, to kaga inda bayolin ɗin hannun naka zai biya kuɗinsa.

Abin da zan ce ka yi cikin shekarar nan da ta rage, ka koma aji da gaske ka fito da sakamako mai kyau. A gefe ka sauke MuseScore a kwamfutarka, kyauta ne, da shi zaka rubuta nota ka ji yadda take fita, ka shiga IMSLP inda tsofaffin rubuce-rubucen kiɗa suke jibge kyauta ka riƙa sauraro kana bin takarda da ido, awa ɗaya kullum ta fi awa goma ranar Lahadi. Ka nemi malami mai rai, YouTube ba ya ce maka ka yi kuskure. A Kaduna da Jos akwai su, a coci-coci akwai masu ogan da shugabannin kwaya da suka yi shekaru suna karanta nota, a bariki akwai 'yan bandin soja da na 'yan sanda masu busa, ni a kusa da bariki na tashi kuma har yau ina tuna wani tsohon saje mai busa kilarinet da yake gwaji bayan la'asar a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, yara muna tsokanarsa, ashe mutumin nan karatun nota yake kamar mai karanta jarida. Irin waɗannan in ka je da ladabi da ɗan abin goro zasu koya maka abin da ba ka zata ba. Ka zauna jarabawar giredi ta ABRSM ko Trinity, hukumomin jarabawar kiɗa ne na Ingila, daga 1 take zuwa 8, ka nufi ko da giredi 5 na ilimin nota da na fiyano, wannan takarda ce da ake ganewa a waje. Sannan ka daina mafarkin okestirar mutum tamanin tukuna, ka rubuta na minti uku ko huɗu wa mutum biyu ko uku da zaka iya tarawa a ɗaki ɗaya, mai busa ɗaya daga bariki, mai kalangu ɗaya, kai a fiyano, ka biya su haƙƙinsu ko kaɗan ne, ka ɗauka da waya, ka saurara ka ji kunya ka gyara ka sake. Guda uku masu kyau irin wannan da takardunsu su ne abin da kowace makaranta zata ce ka turo. Ka kiyayi gasannin intanet da ke cewa ka biya dala kafin a duba aikinka, da yawansu kuɗin shigar ne kasuwancinsu.

In ka gama, lokacin bautar ƙasa ko bayanta ka leƙa Legas, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya MUSON na nan a Onikan, ƙungiyar tun 1983 take, suna da makarantar difloma ta shekara biyu wadda Gidauniyar MTN ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗalibanta, suna da okestira da kwaya, a can zaka fara jin bayolin goma suna kaɗawa tare a gabanka ba ta iyafis ba, kuma a can zaka auna kanka da sa'o'inka ka san ainihin inda kake. Jami'ar Nsukka ma sashen kiɗansu tun 1961 yake. In daga nan hanya ta buɗe zuwa waje to ka tafi da digiri a aljihu da aiki a hannu, ba da rasit ɗin ejan ba.

Sai Baba. Kar ka ga laifinsa, kuma kar ka kuskura ka je kana masa bayanin Beethoven. A duniyar da ya tashi mai kiɗa shi ne wanda ke bin masu kuɗi da sarakuna gidan biki yana wasa su ana masa liƙi, sana'a ce ta gado mai gidajenta, kuma kai ka san yadda ake yi in ɗan gidan ya je neman aure wani gida. Da ka ce masa kiɗa hoton da ya gani kenan, ɗansa da ya biya wa makaranta shekara goma sha shida yana tsaye bakin rumfa ana manna masa ɗari biyar a goshi. Kuma ni a ganina ba kalmar kiɗan ce ta fi ƙona masa rai ba, cewar da ka yi zaka ajiye karatu ce. Wannan gaisuwa-gaisuwar da kuke yi kar ta kai wata guda, ba kyau. Ka samu Mama ko wani baffanka da yake jin maganarsa su rako ka, ka durƙusa ka ce Baba na yi kuskure, na janye maganar barin makaranta da maganar ejan, zan kammala in kawo maka takardata. Iyakar abin da zaka faɗa kenan ranar, kar ka ƙara da amma. Maganar fiyano ka bar ta sai ya huce, in kana gida hutu ka sa iyafis, bayolin ɗin kuma ka bar shi a hostel don wallahi kukan bayolin a hannun ɗan koyo ko ni da nake goyon bayanka sai na kore ka daga gidan. Ɓangaren addini kuma in yana cikin abin da ke damunsa ko yake damunka, malamai sun yi maganganu a kai, ka zauna da malamin da kuka yarda da shi kai da Baba ku ji.

In ka haɗa na minti ukun nan da mai kalangu ka turo min ta inbox, zan saurara, in bai yi ba zan faɗa maka bai yi ba.